Wasiƙa Daga Alƙahira: Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Na yi alkawarin yau za mu yi hirar tsadar haya a Madinat Nasr, amma wani abu ya faru a gidanmu da ya sa na ajiye wancan sai wani jiƙon.

Ina da ƙane ɗan shekara 19, a nan Alƙahira aka haife shi kamar ni. Tun azumin 2020 da aka nuna shirin El-Ikhtiyar a talabijin, wanda ya ba da tarihin Ahmad Mansi, kwamandan bataliya ta 103 ta rundunar Sa'iƙa da aka kashe a Sina'i a 2017, yaron nan ya ce shi fa soja zai zama, sojan ma na runduna ta musamman. Da yake fasfo ɗinmu kore ne, kuma haihuwa a nan ba ta mai da mutum ɗan Masar, hanyarsa sai ta gida: NDA a Kaduna ko Depot na Zariya, in ya tsallake kuma a yi maganar makarantar sojoji na musamman da ke Buni Yadi a jihar Yobe. Baba ya ce Allah ya yi jagora.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne wajen abinci. Duk wanda ya tashi a Masar ya san bidiyon nan na 'yan Sa'iƙa, rundunar da Jalal Haridi ya kafa a tsakiyar shekarun 1950, wadda makarantarta ke Inshas: samari ƙarti suna yagar maciji da haƙori. Wannan darasin tsira ne idan guzuri ya ƙare a jeji, amma ƙanena sai ya fahimci cewa soja shi ne wanda ya saba da yunwa. Ya daina cin burodi da shinkafa, wai suna sa tumbi. Da safe ya kwankwaɗi ɗanyen ƙwai huɗu, ya dama garin furotin da ya sayo da kuɗin makaranta, ya cika jaka da tsoffin littattafaina ya nufi dutsen Muƙaɗɗam.

Wata ranar Juma'a a watan Agusta, wajen ƙarfe 11 na safe, abokinsa ya bugo min waya: "Yaya, ka zo, ya faɗi." Da muka isa asibiti cinyoyinsa sun kumbura, fitsarinsa ya koma kalar shayi. Likita ya ce tsoka ce ta farfashe saboda aiki ya fi ƙarfinta, abin da ta zubar cikin jini kuma ya nufi ƙoda. Kwana uku ana masa ƙarin ruwa. A nan ne ma muka fara jin cewa jininsa AS ne. Wallahi ban taɓa ganin Umma ta yi shiru irin na ranar ba.

Tun daga nan na shiga karance-karance, ga kuma abin da na samo. Gaskiya ne ana horar da sojoji da yunwa. A makarantar Ranger ta Amurka, wadda ake yi cikin wata biyu, binciken da likitocin sojan suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna waɗanda suka kammala sun rasa kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. To amma ku lura, yunwar tana cikin jarrabawar ne, kuma da likitoci a gefe. Wanda ya fara ramewa tun a gida, me zai kai can a cire? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jiki yana ajiye sitaci a tsoka da hanta, wajen giram 500, kuma gudu mai tsanani na awa ɗaya da rabi zuwa biyu yana iya cinye shi. Shi ya sa masana abincin 'yan wasa suke cewa mai motsa jiki awa 1 zuwa 3 kullum yana buƙatar giram 6 zuwa 10 na sitaci a kan kowane kilo na nauyinsa. Ƙanena kilo 70 ne, ke nan aƙalla giram 420 a rana. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa giram 45 ne kacal. Ku yi lissafi da kanku, sannan ku tuna wannan yaron gaba ɗaya ya yanke ta.

Furotin kuwa, wanda kowa yake ta hayaniya a kansa, giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo ya wadatar. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen adas giram 18. Ɗanyen ƙwan nan da samari suke sha don burga, kusan rabin furotin ɗinsa kawai jiki yake ɗauka, dafaffe kuwa kashi 90 cikin 100.

Abin dariyar shi ne duk abin da yake nema yana bakin titinmu. Kwanon koshari shinkafa ce da makaroni da adas da hummus, wato sitaci da furotin a wuri ɗaya. Ga aish baladi da ful da ta'amiyya da safe, ga zabadi, ga dabino da ruwan rake bayan gudu. Ku da kuke gida ko kuke samun saƙo daga gida kun fi mu gata: shinkafa da wake, fura da nono, ƙuli-ƙuli, kilishi, daƙuwa, kwaɗon zogale. Da irin wannan guzurin fatake suka riƙa taka ƙasa daga Kano zuwa Gwanja. Shawara ɗaya: a matsa lemon tsami a kan wake, a kuma jinkirta shayi da kamar awa ɗaya bayan cin abinci, domin shayi yana rage ƙarfen da jiki ke tsotsa daga abinci, lemo kuwa ƙarawa yake yi.

Sai ruwa. A zafi irin na Alƙahira ko Sakkwato mutum yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 na gumi a awa ɗaya, kuma da gishiri yake fita. Ka auna nauyinka kafin ka fita da bayan ka dawo. In ka rasa fiye da kashi 2 cikin 100, ka yi wasa da ruwa. Ɗirkar ruwa zalla babu gishiri shi ma yana kayar da mutum. Haɗin nan da iyayenmu mata suka sani, lita ɗaya na ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, yana aiki. Kada kuma wani ya ce zafi sai rago yake kayarwa. A watan Yuli na 2013 sojoji uku sun mutu saboda zafi a tsaunukan Brecon Beacons na Birtaniya wajen gwajin shiga rundunar SAS. A Birtaniya fa!

Na ƙarshe, wanda mu ya fi shafa: a gwada jini kafin a sayi takalmin gudu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Wani bincike kan baƙaƙen sojojin Amurka da aka wallafa a 2016 ya gano cewa masu AS sun fi sauran fuskantar irin farfashewar tsokar da ta kama ƙanena da kashi 54 cikin 100, duk da cewa bai nuna sun fi mutuwa ba. Abin nufi, a hau a hankali, a sha ruwa, a guji rana tsaka. Mu na Masar mu ƙara da gwajin G6PD, domin mai wannan rashi ful yana iya farfasa masa jini, ga shi kuma nan da ful ake karyawa.

Ƙanena dai ya warke, alhamdulillahi. Likita ya ba shi izinin komawa a hankali, yanzu bayan asuba yake fita, a bakin Nilu, jakar ma babu littafi ko ɗaya. Jiya na same shi a kicin da kwanon koshari na biyu, ya ɗago ya ce, "Yaya, horo nake yi." Garin furotin ɗin kuwa Umma ta ɗora shi saman firji, ta ce a bar shi nan ya zama wa'azi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Maganar haya tana nan.