Gasar ƙwallon kwando ta ɗalibai: a faɗaɗa ta, amma a soma daga ƙasa

Matafiyin da ya bar Damagaram ya nufi gabas bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, in ya wuce Mirya da Gidimuni, zai iske garin Gidigir kafin ya isa Gure. Gari ne na kasuwa, inda Hausawa da Barebari da Fulani ke haɗuwa da bisashensu da kanwarsu, kuma rairayi ya kewaye shi. A wannan gari, kamar a sauran garuruwan karkara, yaro ba ya bukatar kome kafin ya koyi kokowa, tun da yake filin kokowa yashi ne, yashi kuwa Allah ya hore shi. Ƙwallon kwando ba haka ya ke ba. Ba ya tashi bisa rairayi, sai an yi masa daɓen siminti mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, an kafa kwando biyu, kowane mita 3 da santimita 5 daga ƙasa. Don haka duk mahawarar da za a yi game da ƙara yawan makarantu cikin gasar ƙwallon kwando ta ɗalibai, ya kamata a auna ta da yaron Gidigir: shin ƙarin zai kai gare shi, ko kuwa zai tsaya cikin manyan birane?

Maganar ba ta taso a banza ba. Shekara da shekaru jami'ar gwamnati ɗaya tak ke akwai a Nijar, wato ta birnin Yamai wadda aka aza harsashinta a 1971, wadda ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni. A shekara ta 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ga jami'ar Musulunci ta Sayi, ga makarantu masu zaman kansu, ga kwaleji da lise da suka bazu har cikin ƙananan hukumomin karkara. Tsarin wasanni da aka ɗinka domin makarantu ƙalilan ba zai shiga wuyan wannan taro ba. Ko dai a faɗaɗa rigar, ko a bar waɗansu a waje.

Masu son a faɗaɗa suna da hujjoji masu nauyi. Ta farko ita ce adalci. Kuɗin da a ke kashewa kan wasannin ɗalibai daga baitulmalin ƙasa su ke fitowa, makiyayin Gure kuwa yana da haƙƙi cikinsu daidai da ɗan kasuwar Yamai. Ta biyu ita ce haɗin kan ƴan ƙasa: ɗalibin Difa da ya kwana ɗaki ɗaya da na Tilaberi, suka ci tuwo akushi ɗaya bayan wasa, ya koyi darasin da babu shi cikin littafi. Ta uku ita ce neman gwanaye, domin ba a san inda baiwa ta ke ɓoye ba. Hakim Olajuwon, haifaffen Legas, ƙwallon ƙafa da na hannu ya ke yi, sai da ya zama saurayi kana ya soma ƙwallon kwando, daga nan jami'ar Hustan ta Amurka ta ɗauke shi, ya zamo ɗaya daga cikin fitattun ƴan wasan duniya. Masai Ujiri kuma a Zariya ya tashi, can ya koyi wasan, shi ne ya shugabanci ƙungiyar Toronto sa'ad da ta ci gasar NBA a 2019. Da a ce filayen Legas da na Zariya a rufe su ke ga baƙon yaro, da ba a ji sunansu ba.

Masu ja da baya su ma ba mahassada ba ne, lissafi su ke dubawa. In makarantu 4 za su kara da juna gida da waje, wasa 12 ke nan. In sun zama 8, wasa 56. In sun zama 16, wasa 240. Wato duk sa'ad da aka ninka yawan makarantu sau biyu, yawan wasanni ya kan ninka fiye da sau huɗu, kowane wasa kuma yana tafe da kuɗin mota da na abinci da na masauki da ladan alƙalan wasa. Nijar ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, zuwa Difa kuwa fiye da 1,300. Ƙungiyar da ta tashi daga Tilaberi domin wasan minti 40 a Difa, mako guda za ta yi asara tsakanin tafiya da komowa da huce gajiya. Ga kuma sha'anin tsaro da ya tsananta tun 2015, wanda ya sa ba kowace hanya uba zai yarda a bi da ɗansa ba. Wanda ya biya wannan farashi shi ne ɗalibi, wanda jarrabawa ke jiransa a ƙarshen shekara, ita kuwa jarrabawa ba ta tambayar kwando nawa ya jefa.

Kafin a yanke hukunci, yana da kyau a dubi abin da ya auku a ƙasar da wasan ya fito. A Amurka aka ƙago ƙwallon kwando a 1891, a hannun wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith, kuma cikin makarantu ya girma. Can jami'o'in yanki ɗaya su kan ƙulla ƙawance, su riƙa karawa da juna kowace shekara. Ɗaya daga cikin irin wannan ƙawance, mai suna Big East, an kafa shi a 1979 domin ƙwallon kwando, tsakanin jami'o'in arewa maso gabashin ƙasar. Ya yi ƙarfi har a 1985 uku daga cikin ƙungiyoyi huɗu da suka kai ƙarshen gasar ƙasa nasa ne. Sai aka shiga ƙara mambobi, har suka kai 16 a 2005, waɗansu domin kwando suka zo, waɗansu domin kuɗin talabijin na irin ƙwallon ƙafar Amurka. Da bukatu suka sha bamban, ƙawancen ya dare a 2013: jami'o'i 7 suka ware da sunan, suka gayyato 3 masu irin manufarsu, suka koma 10. Ƙanƙantar ba ta kashe su ba. Jami'ar Villanova ta ci gasar ƙasa a 2016 da 2018, ta Connecticut kuma, bayan ta komo cikinsu a 2020, ta ci a 2023 da 2024.

Wani ƙawancen, Big Ten, wanda sunansa ke nufin manya goma, ya bi wata hanya dabam. A 2022 ya ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da gidajen talabijin kan kuɗi fiye da dalar Amurka miliyan dubu 7, a 2024 kuma ya haɗiye jami'o'i 4 na gaɓar yamma, mambobinsa suka zama 18. Ɗalibin Los Anjeles ya wayi gari sai ya keta kusan kilomita 4,000 kafin ya yi wasa a jihar New Jersey. Maƙwabcinsa Pac-12, wanda asalinsa ya faro tun 1915, a shekarar nan ta 2024 mambobi 10 cikin 12 suka watse suka bar shi. Biyu daga cikinsu, Stanford da Kalifoniya, waɗanda ke bakin tekun Pasifik, suka shiga ƙawancen da sunansa ke nufin gaɓar tekun Atlantika. Tsofaffin abokan hamayya da suka shekara ɗari suna karawa suka rabu. Amurkawa suna da jiragen sama da kuɗin talabijin da za su rufe wannan ɓaraka, duk da haka iyaye da malamai sun koka kan darussan da yara ke rasawa. Ƙasar da ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun, in ta kwaikwayi wannan faɗaɗawa, wahalar kaɗai za ta gada. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Misalin da ya fi dacewa yana kusa. A Nijeriya jami'o'i 5 ne suka soma wasannin NUGA a Ibadan a 1966, har da jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Da jami'o'i suka yawaita, sai aka kasa su shiyya shiyya, a ke tankaɗe da rairaya kafin babban taro. A nan gida kuma ga kokowar gargajiya. Tun da aka soma gasar takobi a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, ba a taɓa cewa kowane gari ya aiko da ƙungiyarsa babban fili ba. Kowace jaha ƴan kokowa 10 ta ke kawowa, jahohi 8, mutum 80. Amma ba wanda zai ce ƙofar kokowa a rufe ta ke, domin zaɓen daga ƙasa ya ke farawa, daga ƙananan hukumomi zuwa gundumomi zuwa jaha. Ɗan ƙauyen da ba a taɓa jin sunansa ba yana iya kayar da na birni, ya ɗauki tutar jaharsa. Kuma da yake gasar zagayawa ta ke yi jaha jaha, kowane babban gari ya sami filinsa, irin filin Langa-Langa na Damagaram. Ƙofa mai faɗi a ƙasa, matsattsiya a sama: wannan tsari ne ya raya kokowa shekara 50.

Saboda haka amsar ita ce a faɗaɗa, amma bisa sharuɗɗa. Na farko, a kasa gasar jami'o'i rukuni biyu bisa kusanci: Yamai da Tilaberi da Doso da Tawa a yamma, Maraɗi da Damagaram da Difa da Agadas a gabas. Rukuni biyu masu makarantu huɗu huɗu wasa 24 ne maimakon 56, sa'an nan zakarun su haɗu a gari ɗaya lokacin hutu, garin kuma ya riƙa sauyawa kowace shekara. Na biyu, duk makarantar da ke neman shiga, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta, sai ta nuna fili mai daɓe, da malamin wasa, da kasafin tafiya na shekara guda a rubuce. Ƙungiyar da ta shiga da ɗoki ta janye tsakiyar gasa ta fi wadda ba ta shiga ba ɓarna, don ta rikita jadawalin kowa. Na uku, kada a karɓi makarantar da ta zo da ƙungiyar samari ba ta ƴan mata. Gajeruwar tafiya ita ce za ta sauƙaƙa wannan, domin uwar da ba za ta bar ɗiyarta ta tafi kwana biyar ba, tana iya barinta ta je Gure da safe ta komo kafin magariba. Na huɗu, ɗan wasa ya zama ɗalibi na gaskiya, mai suna cikin rajista, mai zuwa aji, wanda makinsa ya kai. Ranar da makarantu suka fara hayar ƙattan gari suna sa musu rigar ɗalibai, ranar gasar ta mutu. Na biyar, a yi wasannin cikin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a bar watannin zafi da na shirin BEPC da BAC ga karatu.

Sai dai duk wannan gyaran reshe ne in ba a kula da saiwa ba. Jami'ar Damagaram ba ta ƙera ƴan wasa, karɓarsu ta ke yi daga lise, lise daga kwaleji, kwaleji daga garuruwa irin Gidigir. Ɗalibin da bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba sai da ya shekara 20, da wuya ya cim ma wanda ya soma yana da 12. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kuɗin da za a kashe a kai ƙungiya ɗaya Yamai a komo da ita sau da yawa cikin shekara, in an tara su, za su yi daɓe a garin da ba shi da ko ɗaya, daɓen kuma zai shekara goma yara suna wasa a kansa. Fili ɗaya ya isa ƙwallon kwando da na raga. In makarantun da ke bisa hanya ɗaya tsakanin Mirya da Gure suka sami irin wannan fili, suna iya karawa da juna ran Asabar ba tare da an kwana a hanya ba, zakaransu ya je Damagaram.

Wannan aiki ba na gwamnati ita kaɗai ba ne. Zamanin Janar Seyni Kunce samariya ta gina azuzuwa da filaye da hannunta, kuma gayya ba baƙuwar al'ada ba ce a ƙasar Hausa da ta Barebari. Magajin gari yana iya ba da wuri, ƙungiyar iyayen yara ta kawo yashi da tsakuwa da ruwa, ƴan kasuwar gari da ƴaƴansa mazauna birni su sayi siminti, maƙerin walda ya haɗa ƙarafan kwando. Abin da ya rage wa ma'aikatun ilimi da na matasa shi ne su aiko da malamin wasa, su tsara jadawali, su tsaya a kansa kowace shekara ko an sauya minista.

Magabatan da za su zauna kan wannan batu su tuna cewa yawan suna bisa takarda ba shi ne girman gasa ba; Hausawa sun ce taron tsintsiya ba shara. Abin da za a tambaye su bayan shekara biyar shi ne yara nawa ne suka shiga fili waɗanda dā ba su da hanyar shiga, kuma nawa ne daga cikinsu suka ci jarrabawarsu. In aka iske cikin ƙungiyar jami'ar Damagaram akwai saurayi ko budurwa da suka koyi jefa kwando a Gidigir, to, an faɗaɗa gasar yadda ya kamata. Allah ya ba matasan ƙasa lafiya da nasara, ya ba magabata ikon yin adalci tsakanin birni da ƙauye, amin.