Sharhi: Da Wane Mizani Ake Auna Malamin Kimiyyar Lafiya?

Sharhinmu na yau ya shafi wata mas'ala da ta daɗe tana kai da komo a zaurukan jami'o'inmu, wato da wane mizani ya kamata a auna malamin kimiyyar lafiya, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin ɗakin gwaje-gwaje da gadon majinyaci. Domin kada zancen ya tsaya a fatar baki, za mu ɗora shi a kan wani malami ɗan Nijeriya wanda bincikensa ya ratsa ta ƙasar Sakkwato, shi ne Farfesa Cyril Enwonwu, da kuma cutar da ya yi shekaru yana bin diddiginta, cutar noma, wadda a karkara wasu ke kira ciwon iska.

Duk wanda ya taɓa leƙa Asibitin Yara Masu Cutar Noma da ke nan Sakkwato, wanda aka buɗe a shekarar 1999, ya san ba ƙaramar musiba muke magana a kai ba. Cutar takan soma da abin da uwa za ta iya rainawa: dasashin yaro ɗan shekara biyu zuwa shida ya yi ja yana fitar da jini, bakinsa ya ɗauki wari, yawu ya yi ta dalala, a miƙa masa kunu ya kau da kai, bayan 'yan kwanaki kunci ya kumbura, baƙin tabo ya bayyana a fata, kafin a farga naman ya ruɓe ya zube, har a hango haƙori da ƙashin muƙamuƙi daga waje. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba sukan riga mu gidan gaskiya. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana kuwa, sau da yawa yakan tashi da muƙamuƙi a ɗaure, cin abinci da magana su zame masa wahala, ya girma yana rufe fuska da mayafi saboda idon mutane.

Farfesa Enwonwu ya karanci likitancin haƙori, sa'an nan ya zurfafa a ilmin sinadaran abinci mai gina jiki a cibiyar MIT ta Amurka, ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba a Legas, daga bisani ya zauna a Jami'ar Maryland yana koyarwa yana bincike. Tun a 1972 ya wallafa bahasi a kan ruɓewar dasashi da cutar noma a tsakanin yaran Nijeriya, a lokacin da likitocin Turai suka ɗauke ta cutar da ta shuɗe, tun da ta ɓace daga ƙasashensu sa'ad da abinci da tsafta suka wadata, ba ta sake bayyana musu da ƙarfi ba sai a sansanonin azaba na Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya tsaya a kai, ya yi ta kawo masa dalilai shekara da shekaru, shi ne cewa wannan cuta ba ta faɗa wa yaro mai ƙoshi. Sai tamowa ta raunana shi, ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro su biyo baya su karya garkuwar jikinsa, sa'an nan ƙwayoyin cuta da ke cikin baki su sami ƙofa. A 2006 ya bayyana wannan fahimta a manyan mujallun likitanci biyu na duniya, The Lancet da New England Journal of Medicine, inda ya siffanta cutar da gyambon matsanancin talauci.

To, ta yaya duniyar ilmi ke sanin cewa irin wannan aiki ya yi tasiri? Al'adar masana ita ce, duk wanda zai rubuta sabon bahasi wajibi ne ya ambaci magabatan da ya ɗora ginin nasa a kansu, da sunayensu da shekarar da suka yi rubutu. Idan aka tattara waɗannan ambato aka ƙidaya, sai a ga wane talifi ne mutane suka fi kafa hujja da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Sakkwato, waɗanda suka gaji ilmin sanadi, suka san cewa ruwaya ba ta da nauyi sai an san daga wa aka karɓo ta, kuma suka ga yadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, domin ambaton malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Abin da zamani ya ƙara shi ne lissafi: Eugene Garfield ya fitar da kundin ƙidayar ambato a 1964, sa'an nan a 2005 Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ake jingina masa, wanda ke cewa malamin da ke da lamba 20 shi ne mai maƙalu 20 da aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 20. A yau ɗalibi na iya buɗe Google Scholar a wayarsa ya ga lambar malaminsa kafin ya gama shan shayi.

Lalle wannan ma'auni yana da fa'ida, domin yakan bambance mai aikin da ake karantawa da mai takardun da ƙura ta binne a kabad. Amma wajibi ne mu fahimci abin da yake ƙidayawa da abin da ba ya iya gani. A 1999 Enwonwu da abokan aikinsa, William Falkler da Emmanuel Idigbe, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa yara takwas a Jihar Sakkwato, inda suka riƙa tsoma 'yan siraran tsinken takarda cikin gyambon, suka reni ƙwayoyin da suka ɗebo a wurin da iska ba ta shiga, suka sami wata ƙwaya mai suna Fusobacterium necrophorum a jikin bakwai daga cikinsu. Da yake an san ta da ruɓar da naman dabbobi, sai suka yi zaton ita ce ke kunna wutar cutar a gidajen da yara ke kwana kusa da awaki da tumaki. Bayan shekaru, masana daga Janeba suka gudanar da bincike mai faɗi a Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, suka wallafa shi a 2013, bai tabbatar da laifin wannan ƙwaya ba, amma ya ƙarfafa maganar tamowa da rashin lafiyar da ke gabatar cutar. Ashe ke nan ambato ya ƙunshi mai gaskatawa da mai gyarawa, kuma malami na ƙwarai shi ne wanda ya bar hujja a fili yadda na baya za su iya jarraba ta, su riƙe sahihi su ajiye mai rauni.

Akwai kuma wani aibi da ya fi wannan girma. Yawan ambato yana bin yawan masu rubutu, masu rubutu kuwa suna bin inda kuɗin bincike yake. Saboda haka wanda ya duƙufa a kan ciwon sukari ko ciwon zuciya, waɗanda dubban masana ke nazari a ƙasashe masu arziki, zai tara lamba cikin 'yan shekaru fiye da abin da mai binciken cutar yaran talakawa zai tara tsawon rayuwarsa, alhali kuwa na biyun ne kaɗai ya waiwayi waɗanda duniya ta manta. Idan muka mai da lamba ita ce alƙali tilo wajen ƙarin girma da rabon tallafi, to da hannunmu muke korar haziƙan matasanmu daga cututtukan ƙauyukanmu, kuma muna buɗe ƙofar ha'inci ga masu yawaita ambaton kansu, da masu cusa suna a aikin da ba su taɓa ba, da mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kome ba tare da tacewa ba.

Tasirin da ya fi cancantar a yi alfahari da shi shi ne wanda ya fita daga shafin mujalla ya isa ofishin masu hukunci. Rubuce-rubucen Enwonwu, da ƙiyasin da likitoci suka wallafa a 2003 bisa bayanan majinyatan Sakkwato, wanda ya nuna yara 6.4 cikin kowane 1,000 na kamuwa a arewa maso yammacin Nijeriya, da nazarce-nazarcen da aka yi a asibitin cutar noma na Sakkwato tun da ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa masa a 2014, su ne irin tubalan da aka gina hujja da su, har Nijeriya ta miƙa buƙata a Janairun 2023 a madadin ƙasashe 32, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a ranar 15 ga Disamba na shekarar. Fiye da shekara hamsin ke tsakanin bahasin farko da wannan hukunci, kuma babu ma'aunin da zai iya ƙidaya haƙurin da ke ciki.

Wannan gari na Sakkwato yana da magabaci a wannan tafarki, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya yi talifi a kan ciwon ido da kuma basir, wato cututtukan da ke damun jama'ar da yake shugabanta. Muna kira ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta, da duk masu zama a kwamitocin ƙarin girma, su duba lamba, amma su ƙara da tambayar wace matsala ta mutanenmu wannan bincike ya warware, wane ɗalibi ya horar, wace hanyar jinya ya gyara. Gwamnati da masu hali su ware kuɗi domin binciken tamowa da ƙyanda da lafiyar baki, ko da ba zai jawo suna a waje ba. Ku kuma iyaye, abin da duk wannan ilmi ya tabbatar a hannunku yake: a yi wa yara rigakafin ƙyanda, a kula da abincinsu lokacin yaye, a riƙa wanke musu baki, kuma da zarar dasashi ya fara jini da wari a garzaya asibiti, domin a wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau sun isa su tsayar da cutar noma da yardar Allah.

Allah ya ba malamanmu ilmi mai amfani, ya sa ya zame musu sadaka mai gudana, ya ba yaranmu lafiya.