Mai Ɗinkin Ƙyallaye Ba Yawon Banza Ta Ke Yi Ba

Akwai wata magana da mu kan ji a bakin jama'a, har da waɗanda suka yi makaranta, in an ambaci mai sana'ar hannu wanda ba ya zama wuri guda. Sai ka ji an ce, "Wane ba shi da aiki sai yawo. Yau yana wurin nuni, gobe yana koya wa yara, jibi ya ɗauki akwati ya hau mota. Yaushe zai zauna ya yi sana'ar?" Mu ba mu yarda da wannan magana ba, kuma za mu kawo hujjarmu daga rayuwar wata mata ta ƙasar Amurka, wadda allura da ƙyalle suka kai ta inda ba a zata ba.

Kafin mu shiga labarinta, ya kamata mu bayyana irin ɗinkin. A Amurka mata su kan tara ƙyallaye, na sabon yadi ko na tsofaffin tufafi, su yayyanka su, su harhaɗa har su zama shimfiɗa guda. Sa'an nan su shimfiɗa auduga a ƙarƙashinta, su sa wani yadi a baya, su bi duka ukun da allura su ɗinke don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Wanda ya taɓa duba lifidin doki da kyau ya san irin wannan ɗinki. Asali don maganin sanyi a ke yin wannan bargo, amma daga baya waɗansu suka mai da shi abin ratayewa a bango, a zo a kalla kamar yadda a ke kallon zanen fenti.

Matar da mu ke magana sunanta Faith Ringgold. An haife ta a 1930 a unguwar Harlem ta birnin New York, ta rasu a 2024 tana da shekara 93. Mahaifiyarta mai ɗinkin tufafi ce, kuma a kakanninta akwai wadda ta yi ɗinkin bargo tana cikin bauta. Da ta isa shiga kwaleji ta so ta karanta ilmin zane zalla, amma a lokacin ba a ɗaukar mata a sashen da ta ke so, sai ta bi ta sashen horon malamai. Ta sami digiri a 1955, ta kama koyar da zane a makarantun gwamnati na New York, ba ta bari ba sai 1973. Watau shekara 18 tana riƙe da alli, tana kuma yin nata zanen a gida.

A ganinmu rayuwar wannan mata kamar murhu ce mai duwatsu uku: aikin hannu, da koyarwa, da tafiya wurin nuni. In ka cire dutse ɗaya, tukunya ta tuntsure.

Mu fara da tafiya, tun da ita ce aka fi zargi. A 1972 ta je birnin Amstadam na ƙasar Holan, ta shiga babban gidan ajiye kayan tarihi, ta ga waɗansu tsofaffin zane-zanen addini irin na Tibet da Nefal. An yi su a kan yadi, an kewaye su da ƙyalle maimakon katako. Nan take ta gane maganin wata matsala da ta daɗe tana damunta. Zanen da aka ɗaure a katako yana da nauyi, mace ɗaya ba ta iya ɗaukarsa, kuɗin aika shi kuma ba kaɗan ba ne. Amma na yadi sai a naɗe shi kamar tabarma a sa a akwati. Da ta koma gida ta soma yin nata haka, mahaifiyarta tana ɗinka mata gefen. Daga nan ta sami damar kai aikinta kwalejoji masu nisa, ta rataya, ta yi wa ɗalibai lacca a kansa. A 1976 ta zo Gana da Nijeriya don ganin aikin masu sana'a na nan, a 1977 kuma ta sake zuwa domin bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Ikko. Da a ɗaki ta zauna, da ba ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Sai aikin hannu. A 1980 ita da mahaifiyarta suka ɗinka bargonta na farko, shekara guda kafin tsohuwar ta rasu. Tana da shekara 50 a lokacin, wannan kuwa ya isa ishara ga mai cewa ya tsufa da koyon sabon abu. A 1983 ta fito da dabarar da ta yi suna a kanta: ta kan yi zanen fenti a tsakiyar bargo, ta kewaye shi da ƙyallaye, ta rubuta labari a jikinsa. Dalilin haka abin tunani ne. Ta rubuta tarihin rayuwarta, masu buga littattafai suka ƙi karɓa, sai ta ga cewa in ta rubuta maganarta a jikin bargo, duk wanda ya tsaya kallo tilas ya karanta. Wanda ya fi shahara shi ne Tar Beach na 1988, labarin wata yarinya da iyayenta su kan hau rufin bene su sha iska da dare lokacin zafi, kamar yadda a kan hau soro da bazara. A 1991 aka mai da shi littafin yara, tarihin nan da aka ƙi kuwa ya fito a 1995.

Na uku koyarwa. Bayan ta yi suna ba ta yar da alli ba. Ta zama farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ta riƙe aikin har 2002, tana kai da komo tsakanin wannan gaɓar teku da waccan. Mu a ganinmu shekarun da ta yi a gaban yara ba su tafi a banza ba. Wanda ya saba bayyana abu ga yaro ɗan shekara goma har ya gane, shi ne zai iya tsara labari a jikin bargo wanda manomi da farfesa za su karanta su fahimta.

To, kada mu ɓoye abin da masu suka za su ce, gama suna da tasu gaskiya. Za su ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Za su nuna mana cewa ita kanta sai da ta bar makaranta a 1973 kafin ta sami sukunin aikinta, ga kuma 'ya'ya mata biyu da ta rena a cikin wannan kai da komo. Haka ne. Tafiya tana cin kuɗi, tana cin lokaci, ba kowane nuni ne a ke dawowa da ciniki ba, kuma ranar da mutum ya kwana a hanya ba ya zura zare a allura. Ba mu ce kowa ya ɗauki kaya ukun nan rana ɗaya ba. Abin da muka gani a rayuwarta shi ne, kowane dutse yana da lokacin da ya fi ɗaukar nauyi, amma ba ta taɓa jefar da ɗaya gaba ɗaya ba.

Don a ga abin da ke samun gwanin da ba shi da hanyar fita, ga labarin Harriet Powers, wadda aka haifa baiwa a jihar Jojiya a 1837. A 1886 ta kai wani bargo wurin nunin auduga a garin Athens, ta ɗinka labarun Littafi Mai Tsarki a jikinsa gida-gida har goma sha ɗaya. Wata malamar zane, Jennie Smith, ta nemi saye, ta ƙi. Bayan 'yan shekaru talauci ya matsa mata, ta kawo shi da kanta. Dala goma ta nema, dala biyar aka ba ta. Yau bargon yana gidan tarihi na ƙasa a birnin Washington. Nuni guda ne ya sa aka san da ita, kuma malamar nan ta rubuta bayanin kowane gida daga bakin mai ɗinkin. Ba don alƙalaminta ba, da an ga bargo an rasa ma'anarsa.

Mu ma nan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Ladi Kwali ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wadda yanzu a ke kira Suleja, a 1954. Ta koyar, ta je Ingila da Amurka tana gina tukunya a gaban jama'a, ga hotonta nan a takardar naira 20. Gwanayen ginin tukunya da na ɗinkin riga da na saƙa nawa ne suka shuɗe ba wanda ya san sunansu, don ba su fita ba, ba a kuma rubuta su ba?

Saboda haka muna da roƙo biyu. Ku malaman makaranta, musamman masu koyar da ɗinki da saƙa da zane, kada ku bar hannunku ya mutu don kun sami albashi. Yaro ya fi koyo daga malamin da ya gani yana yi. In an yi nuni kusa da ku, ku kai naku, ku kai na yara, ku duba na waɗansu.

Ku kuma malaman ofis, takardar neman izinin tafiya ta kan biyo ta teburinku, kuma ku ne ku kan rubuta 'yar takardar da a ke liƙa wa kaya a wurin nuni. In malama ta nemi kwana uku don ta kai aikinta, kada ku danne takardar kuna cewa yawo za ta. In kun zo rubuta takardar kaya, kada ku tsaya ga "aikin wata mata". Ku sa sunanta da garinta da shekarar da ta yi shi, ku tambaye ta bayaninsa ku rubuta. Aikin minti biyar ne, amma shi ne ya hana sunan Harriet Powers ɓacewa. Allah Ya sa mu gane.