ME YA SA ƘARYA TA FI GASKIYA SAURIN TAFIYA?

Duk lokacin da aka ba mu hutu na koma garinmu Mainika, akwai wani aiki da ke jirana wanda ba na gona ba ne. Da an idar da sallar isha'i, sai dattawan ƙofar gidanmu su miƙo mini wayoyinsu, su ce, "Ɗan boko, karanta mana abin da aka turo." A wajen wannan karatu ne na lura da abin da ya dame ni. Labari guda sai in same shi a waya huɗu ko biyar, wani kuwa ko a waya ɗaya babu shi. Shin mene ne ke sa wani labari ya yi farin jini, wani kuma ya mutu inda aka haife shi?

A ganina abu na farko shi ne tsoro. A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta shigo Legas daga Laberiya. Cikin watan Agusta sai wani saƙo ya bazu a wayoyi, wai kowa ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha, kafin gari ya waye. Ina ƙarami a lokacin, amma ban manta yadda innata ta tashe mu cikin dare ta yi mana wankan nan muna kuka ba. Cutar dai mutum 8 ta kashe a Nijeriya duka, kuma ba ta iso Kano ba. Amma saƙon gishiri a dare ɗaya ya game ƙasa, har aƙalla mutum biyu suka rasu saboda shan gishirin, aka kwantar da wasu da dama a asibiti.

Abu na biyu shi ne wanda ya turo. Innata ba ta san wanda ya ƙago maganar ba. Abin da ta sani kawai shi ne kawuna ne ya bugo mata waya daga Kano, shi kuwa ba zai cuce ta ba. Haka ne, bai yi niyyar cuta ba, ƙauna ce ta sa shi. Ta haka ƙarya ke aron rigar mutumin kirki ta shiga gida, kowa na yi mata maraba.

Abu na uku shi ne taro. Duk wanda ya san kasuwar Gwarzo ya san yadda mai tallan magani ke tara jama'a. Mutum goma na farko su ne wahalarsa. Da sun tsaya, sauran za su zo da kansu don su ga me ake kallo. To, haka Facebook da ire-irensa suke aiki. Na'urarsu tana ƙirga wanda ya danna alamar so, da wanda ya yi sharhi, da wanda ya tura. Labarin da ya tara mutane shi take ƙara ɗagawa sama, ko zaginsa suka taru suna yi. A 2018 wasu masana na jami'ar MIT a Amurka sun bincika labarai wajen 126,000 da suka yaɗu a Twitter. Suka gano cewa kafin labarin gaskiya ya kai ga mutum 1,500, yakan ɗauki lokaci kusan ninki shida na wanda ƙarya ke ɗauka.

Ku duba wannan kuma. Kowace shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Manomin Mainika ko Kabo, wane labari ya fi wannan amfani gare shi? Amma ban taɓa samunsa a wayar dattawan nan ba, domin ba ya tsorata kowa, ba ya kuma ba kowa dariya.

Wasu iyaye suna cewa maganin abin shi ne a raba mutane da waya. Ni ban yarda ba, don da wayar nan ake jin farashin hatsi, da ita ake gaida na nesa. Gyaran yana hannunmu. A da, in sankira ya yi shela, kowa ya san sarkin da ya aiko shi. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, akwai edita, Malam Abubakar Imam, mai tace labari kafin a buga. Yau kowa sankira ne, babu mai tacewa. Kamfanin WhatsApp ma a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, amma wannan bai hana mai niyya ba.

Na san abin ba sauƙi. Hutun da ya wuce na gaya wa wani baffana cewa saƙon da aka turo masa ba shi da tushe, ya yi kwana biyu da ƙyar yake amsa gaisuwata. Na ji zafi ƙwarai, amma da na tuna daren gishiri sai na ga gara fushinsa da a kai shi asibiti.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, tun da mu ake miƙa wa waya a gida, mu riƙa yin tambaya uku cikin ladabi kafin mu tura kowane labari. Wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? An ji shi a rediyo? Iyayenmu kuma ina roƙonku ku yi haƙuri da mu in mun ce a dakata, ai don haka kuka sa mu makaranta. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu, amin.

Daga ɗan Aji Biyar, mutumin Mainika