Ladabin Bakin Ruwa: Tun Daga Tudu Ake Kifar da Jirgi



Yawancinmu mazauna Jalingo ba mutanen ruwa ba ne. Mun san Mayo Gwoi da Lamurde, amma ta kan gada muke wuce su. Sai da ambaliya ta karya gadar Namnai da ke ƙaramar hukumar Gassol a watan Agustan 2024, sannan ɗan kasuwa da ɗalibi da ma'aikaci, duk mai bin hanyar Wukari, ya wayi gari yana jiran fito kamar mutumin Lau ko na Ibi. Mun iso bakin ruwa da halinmu na tashar mota: ture, rige-rige, da "ka san ko ni wane ne?" To, ruwa bai san kowa ba.

Ra'ayina shi ne, yawancin haɗarin jirgi a bakin gaɓa ake ƙulla shi, tsakiyar kogi kammalawa kawai take yi. Ba mu manta da ranar Asabar 28 ga Oktoban 2023 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga kasuwar Mayo Ranewo a Ardo Kola zuwa Binnari a Karim Lamido ya kife a kogin Binuwai. Rahotanni sun ce fiye da mutum 100 ne a ciki, har da mata da yara, kuma an yi asarar rayuka masu yawa. Allah ya jiƙansu. Duk jirgin da ya tashi da lodin da ya fi ƙarfinsa, a gaban idon jama'a aka loda shi, kowa yana gani, kowa yana cewa a ransa Allah zai kiyaye.

Ladabi na farko shi ne ka shirya kafin layi ya zo kanka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin fito ya kasance a hannu, an ɗaure kaya, an riƙe yara. Babu abin da ke tada jijiyar wuya a mashiga kamar mutumin da zai tsaya a daidai bakin jirgi sannan ya fara cinikin kuɗi, ko kwance buhu, ko amsa waya, alhali mutum hamsin na bayansa cikin rana. Mashiga hanya ce ƙunƙuntacciya. Wanda ya tare ta minti biyar, ya ci minti biyar na kowa da kowa.

Na biyu, masu fita su ne da hanya. Jirgi bai gama tsayawa ba za ka ga an yi masa caa, na ciki na neman sauka, na waje na neman hawa, duka a gefe guda. Kwale-kwale ba mota ba ne. Idan nauyi ya taru a ɓangare ɗaya sai ya karkata, bakinsa ya sha ruwa. Shi ya sa ake shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna inda mai jirgi ya nuna, kaya masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya. Tsayuwa a cikin jirgi don ɗaukar hoto ko bidiyon da za a sa a Facebook wasa ne da ran mutane, domin duk wanda ya miƙe ya ɗaga nauyin jirgin sama, ya ƙara masa tangaɗi.

Masu mota da babur, naku ya fi nauyi. Idan za a hau da mota jirgin fito, fasinjoji su sauka tukuna, direba kaɗai ya shiga da ita, gilashi a sauke, yana bin hannun mutum ɗaya mai yi masa jagora, ba mutum goma masu ihu ba. Gangaren bakin kogi laka ce mai santsi, kada kowa ya tsaya a gaba ko bayan motar da ke sauka. Da ta hau, a ja birkin hannu, a bar ta a giya, a kashe inji, a tokare tayoyi. Direban da ya san birkinsa ba shi da kyau ya faɗa tun a tudu. Kunyar minti ɗaya ta fi zaman makoki.

Sai maganar layi, inda nan ne halinmu ke fitowa fili. Akwai waɗanda ya kamata kowa ya matsa musu ba tare da an roƙe shi ba: marar lafiya da ake garzayawa da shi asibiti, mace mai naƙuda, masu ɗauke da gawa, da tsofaffi. Bayan waɗannan, wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Babbar riga ko baƙin gilashi ko jiniya ba su cikin uzuri. Abin takaici, sau da yawa mai tsallake layi shi ne kuma zai matsa wa mai jirgi ya ƙara mutum biyu, ko ya yi sawu ɗaya bayan magariba saboda yana sauri. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da kima, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Amma jami'inta ba zai kasance a kowace mashiga kowane lokaci ba. Mu ne muke wurin.

To yaya za a yi da wanda ba ya jin magana? Abin da ba za a yi ba shi ne faɗa. Cacar baki a bakin ruwa takan zama ture-ture, kuma wanda zai faɗa ruwa galibi yaro ne ko tsohuwa da ba ruwansu. A cikin jirgi kuwa ko musu bai halatta ba, a bari sai an taka ƙasa. A fara da sallama da magana mai taushi: "Alhaji, a yi haƙuri, ga ƙarshen layi can." Mutane da dama sukan koma idan ba a tozarta su a gaban jama'a ba. Idan ya ƙi, a kai maganar ga shugaban masu fito ko sarkin ruwan wurin, su ne ke da ikon cewa jirgi ba zai tashi ba. Kuma jama'a su goyi bayan wanda ya yi magana. Mutum ɗaya in ya yi ƙorafi sai a ce fitinanne ne, amma mutum goma in suka ce ba za su shiga ba sai an rage lodi, nan take ake ragewa. In duk an yi wannan ba a ji ba, ɗan uwa, ka sauka ka jira na gaba, ko da kuɗinka zai tafi. Sauri ya haifi nawa.

Na san wani zai ce, me ya sa ake wa talaka wa'azi alhali laifin na gwamnati ne da ba ta yi gadoji ba, da masu jirgi da ke neman kuɗi ido rufe? Maganarsa na kan hanya, kuma kada mu gaji da neman haƙƙinmu a wurin wakilanmu na Jalingo da Abuja. Amma ko an gama gada a Namnai, mutanen Karim Lamido da Lau da Ibi za su ci gaba da shiga jirgi, kuma duk damina Binuwai zai cika, balle shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Mai jirgi ma yana yin lodin banza ne saboda ya san za mu shiga. Ranar da muka daina shiga, zai daina.

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar kasafin kuɗin gwamnati. Ƙungiyoyin masu fito za su iya raba wurin sauka da wurin hawa da igiya da turaku. Za su iya ba da lamba a takarda ga duk wanda ya iso, su rubuta yawan mutanen da kowane jirgi ke ɗauka da fenti a jikinsa, yadda fasinja zai ƙirga da kansa. Ƙungiyoyinmu na gari da masu hali za su iya sayen rigunan kariya su ajiye a mashiga a matsayin sadaka mai gudana, a damƙa wa wani amintacce kula da su. Limamai da fastoci su ma su riƙa tunatarwa idan damina ta kama, domin jirgi ɗaya ke kwasar mu duka.

Mai fito kuma a girmama shi. Ya fi ka sanin ruwan nan ko da digiri nawa gare ka. In ya ce a jira iska ta lafa, a jira. In ya ce jirgi ya cika, ya cika.

Waɗanda ke yawan bin waɗannan hanyoyi, musamman direbobi da 'yan kasuwar kifi, ku isar da wannan ga shugabannin mashigar da kuke bi. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. Amin.