Matsalar Fankar Mota Da Ilimin Kanikawanmu

Duk wanda ya saba bin titin Kachia daga Sabon Tasha zuwa gadar Kogin Kaduna a watannin Maris da Afrilu, ya san yadda ake ganin motoci a gefen hanya, an ɗaga bonet, tururi na tashi, mai motar na tsaye riƙe da ledar ruwa. Galibin waɗannan motoci lafiyarsu ƙalau da safe, kuma da a ce hanyar Abuja suka miƙa, da ƙila sun isa ba tare da allurar zafi ta motsa ba. Dalili kuwa shi ne, idan mota na gudu, iskar da ke dukan lagireto ta isa ta sanyaya ruwan. Sai an shiga cunkoso, mota na tafiyar hawainiya, sannan aikin sanyaya injin ke komawa kacokan kan fanka. Idan ta mutu, cikin 'yan mintoci ruwa zai tafasa.

Abin da ya dame ni shi ne maganin da kanikawanmu da yawa suka ɗauka tamkar doka. Da zarar ka kai ƙorafin zafi, sai a ce a cire tamostat, wai kayan ƙasashen sanyi ne, sannan a kira rewaya ya yi wa fanka dairek, wato ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota har zuwa kashe ta. Wasu ma tun ranar da mota ta iso daga Kwatano suke yi mata wannan aiki, kafin ta nuna wata alamar ciwo.

Ya kamata mu san inda wannan tunani ya samo asali, domin a nan kudancin kogi aka raini ƙarni guda na kanikawa. A Kakuri kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a shekarar 1975, kuma 504 ta zama motar gwamnati da ta 'yan kasuwa da ta tasha. A irin wannan mota fambel ne ke juya fanka, bakanike na ganin komai da idonsa, yana taɓawa da hannunsa. Motocin da suka cika titunanmu a yau ba haka aka ƙera su ba. Injin yawancinsu a gicciye yake, fankarsu ta lantarki ce. Akwai wata 'yar na'ura da ke auna zafin ruwa ta sanar da kwamfutar motar, ita kuma ta ba rile umarni ya saki wuta, wutar ta bi ta fis ta isa fanka. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya lalace, ko waya ta tsinke, fanka za ta tsaya cik alhali ita kanta lafiyarta lau. Sau da yawa abin da ya mutu bai fi girman akwatin ashana ba.

To, maimakon a bi sawu a gano mai laifi, sai a tsallake su duka. Fankar da aka yi domin ta tashi idan ruwa ya doshi digiri 100, ta kuma huta idan ya sauka, sai ta koma aiki babu hutu har gawayinta ya cinye. Ranar da za ta ƙone kuwa ba ta sallama, an gudu ba a tsira ba ke nan. Shi kuma tamostat, wanda kan buɗe a tsakanin digiri 80 zuwa 90, aikinsa shi ne ya riƙe injin a zafin da ya dace da shi. Idan babu shi, musamman da safiyar hunturu, kwamfuta za ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara masa mai. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan ɓarna ta daina zama abin wasa ga ma'aikacin da ke jiran albashi. Ga kuma ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto a madadin ruwan da aka tanada domin hakan, wanda ke haifar da tsatsa ya toshe hanyoyi. Ƙarshen lamarin shi ne gaskit ya ƙone, kan injin, wanda na alminiyam ne a yawancin motocin yanzu, ya lanƙwashe, a shiga neman kuɗin sauke inji.

Ba na cikin masu zagin kanikawa. A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe ina sha'awar yadda suka hore kalmomin baƙi: lagireto, kafireto, totur, fulogi. Ita kanta kalmar fanka daga Indiya ta taso, Turawan mulkin mallaka suka kawo mana ita. Sai dai na lura da wani abu: sunayen sassa sun shigo Hausa, amma bayanin yadda sassan ke aiki tare bai shigo ba. Yaron da ya shekara bakwai a gareji a Makera ko Television ya san sunan tamostat, ya san inda yake, ya iya cire shi ido rufe, amma ba a taɓa zaunar da shi an faɗa masa, cikin harshen da yake tunani da shi, dalilin da ya sa aka sa shi ba. Littafin da ke ɗauke da bayanin da Turanci yake, wani lokaci ma da Jamusanci ko Japananci. Na'urar binciken mota, wadda ake jona wa kowace motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996, ita ma da Turanci take amsawa. Mu da muke jami'o'i mun ɓata shekaru muna gardama kan fassarar kalmomin nahawu da adabi, alhali ban taɓa ganin wani ɗalibinmu ya je gareji da nufin rubuta wa masu sana'ar abin da zai amfane su ba.

Kaduna ba ta da uzuri a kan wannan. Hedkwatar Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, a garin nan take, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga kasuwar Panteka a maƙwabtanta, ga sassan koyar da Hausa a Kaduna da Zariya. Haɗa injiniya ɗaya da malamin harshe ɗaya da tsohon bakanike ɗaya su fitar da ɗan littafi mai zane a kan sanyaya inji, a kuma karanta shi a rediyo da saƙon murya na WhatsApp ga waɗanda ba su iya karatu ba, ba aiki ne da ke buƙatar biliyoyi ba. Ƙungiyoyin kanikawa na da rassa a unguwanni, su ne hanyar isar da shi.

Kafin a kai ga haka, mu masu motoci, waɗanda akasarinmu mun yi karatun da zai ba mu damar buɗe littafin da ke cikin aljihun mota, muna da namu alhakin. Idan allura ta haura a cunkoson Command, a tsaya a kashe mota, kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa, domin ruwan da ke ciki a matse yake, yana iya sale fuska. Idan an isa gareji kuma aka ambaci dairek, a nemi a fara gwada fis da rile da na'urar auna zafi tukuna, a gaban idon mai motar.