Gwiwar Ƙarfe: Mai Siminti Ko Maras Siminti?

Duk wanda ya zauna a Lambara, ta ƙasar Shagari, ya san tsofaffin da ciwon gwiwa ya raba da gona da kasuwa, har ma da sahun masallaci. Amosanin gaɓɓai ne yake cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. In abin ya kai nan, tsaga da ƙaho ba su mayar da abin da ya ƙare. Sai dai likita ya kankare bakin ƙasusuwan, ya ɗora musu gwiwar ƙarfe da roba.

Hanya biyu ake bi wajen kafa wannan gwiwa. Ta farko ita ce a liƙa ta da siminti, watau wani danƙon roba mai daskarewa cikin minti kamar 10, ba na magina ba. John Charnley na Ingila ne ya yaɗa shi wajen aikin kwatangwalo tun wajejen 1960. Ta biyu kuwa ba a sa siminti. Bayan ƙarfen yana da 'yan ƙofofi kamar soso, ƙashin mutum ne zai tofo ya shige ciki, a hankali, cikin makonni.

Masu yabon ta biyu suna cewa abin da jiki ya riƙe da kansa ya fi daɗewa. Wannan magana tana da hujja ga mai sauran ƙuruciya da ƙashi mai ƙwari. Amma fa galibin masu wannan ciwo dattawa ne, musamman mata waɗanda ƙashinsu ya yi laushi bayan ɗaukewar al'ada. Irin wannan ƙashi ba a dogara da tofonsa. Siminti kuwa tun a ɗakin tiyata yake kamawa, yawanci ya fi sauƙin kuɗi, kuma shi aka fi daɗewa ana gwadawa. Iyalin da suka sayar da shanu suka kai tsohuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ba su da halin aiki na biyu in ƙarfe ya yi kwance. Saboda haka, ga dattawan Lambara, mai siminti ta fi cancanta, sai in likita ya ga dalilin saɓa wa haka.

Sa'an nan wajibi ne a gaya wa majinyaci tun kafin a taɓa shi cewa ko wacce aka sa, tsuguno da zaman tahiya za su yi masa wuya, wataƙila ma a bisa kujera zai riƙa salla.